Mabiya sun haura dubu 11 amma ciniki shiru, ina matsalar take?

MaiJakunkuna:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen masu sani, don wlh abin ya fara hana ni barci. Jakunkuna da takalman mata nake sayarwa ta intanet, kusan shekara 2 kenan, ina amfani da Instagram da Facebook sai kuma sitatus na WhatsApp. Yanzu haka mabiyana a Instagram sun haura 11,000, duk wanda ya leƙa shafin sai yace ma sha Allah kasuwa ta buɗe, amma ni kaɗai nasan abinda ke ciki. Sai in ɗora hoto ya wuni ya kwana layik bai kai 40 ba, komen kuwa in an samu to "nawa?" ne, in ce a duba inbos, shikenan daga nan bazan ƙara jin ɗuriyar mutum ba. A wata guda sai in samu oda 5 ko 6, suma yawanci ƴan uwa ne da ƙawaye da dama can sun sanni.

Bari in faɗi gsky tunda magani nake nema. Farkon buɗe shafin akwai wani da ya tallata min cewa zai ƙara min mabiya, na biya shi ya zuba min wajen 6,000 cikin kwana 2, a lokacin na ɗauka in mutane suka ga yawa zasu yarda dani. Sannan nayi rabon kyauta sau 2, irin wanda ake cewa kayi folo kayi tag na mutum 3, nan ma an ƙaru sosai. Na taɓa danna maɓallin tallan nan na ƙasan hoto shima sau 2, layik ya hau amma ko mutum ɗaya bai saya ba.

Kullum sai nayi fostin, wani lokacin sau 4 a rana, kayana kuma masu kyau ne, wadda duk ta saya bata taɓa dawo min da ƙorafi ba. To ina matsalar take? In rufe shafin in buɗe sabo ne, ko in ƙara kuɗin talla, ko in koma TikTok kamar yadda wasu ke ta bani shawara? Nagode.

ƊanTalla:

Wa alaikumus salam ƴar uwa. Kin kyauta da kika faɗi maganar sayen mabiyan nan, don da kin ɓoye da sai muyi ta lalube cikin duhu. Nan babbar matsalar take, kuma bari in miki bayanin yadda abin ke aiki ki gani da kanki.

Tun 2016 Instagram ta daina jera fostin bisa lokacin da aka ɗora, ta koma na'ura ce ke zaɓa ma kowa abinda take ganin zai tsaya ya kalla. Kina ɗora hoto ba duk mabiyanki ake nuna ma ba, ana duba alamu ne, waɗanda suka gani sun tsaya? sun yi layik? sun ajiye? sun tura ma wani? In alamun sunyi kyau sai a ƙara baza shi, in shiru sai ya mutu a nan. To ke fiye da rabin mabiyanki ba mutane bane, akawun ne na bogi da babu kowa a bayansu, basa kallo basa magana basa saye. Na rabon kyautan kuma mutane ne na gaske amma kyauta ta kawo su ba jaka ba, ranar da aka sanar da wadda taci ranar suka gama dake. Taron tsintsiya ba shara kenan. Kinga na'urar tana kallon shafi mai 11,000 da mutum 40 ke motsi, me zata ɗauka in ba cewa kayan basa burge kowa ba?

Facebook ma haka ne, ko ince ya fi tsanani. A Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, da kansa ya fito ya sanar cewa zasu fifita fostin ƴan uwa da abokai akan na shafukan kasuwanci da na labarai, kuma abinda ke jawo hira tsakanin mutane shi za'a ɗaga sama. Kafin nan, a Disambar 2017, sun ce zasu riƙa danne fostin da ke roƙon motsi, irin su "yi tag na mutum 3", "yi layik in ka yarda". Wato salon rabon kyautan da kikayi yana cikin abinda su kansu basa so.

Ki shiga wajen alƙaluman shafinki, in dai akawun ɗin na kasuwanci ne zaki gani, ki duba ƙasashe da garuruwan da mabiyanki suke. In kika ga wuraren da ko a mafarki bazaki iya kai musu kaya ba sune a sama, to kin ga aikin wancan mutumin. Sannan ki daina kallon layik, ki duba mutum nawa suka ajiye fostin, nawa suka tura ma wani, nawa suka shiga shafin daga nan. Shugaban Instagram Adam Mosseri ya faɗa cewa tsawon lokacin da aka kalli abu, da layik, da turawa sune manyan alamun da suke dubawa, kuma turawa ita tafi taimakawa wajen kaiwa ga waɗanda basa bin ka. Kuma abin da hankali, mace bata tura ma ƙawarta hoton jaka haka kawai, in ta tura to maganar saye ta fara shiga tsakaninsu.

Fostin sau 4 a rana kuma inaga ki rage. Hoto 4 na jaka a jingine da bango, iri ɗaya kullum, ba abinda zai tsayar da yatsan mutum. Gara bidiyo ɗaya gajere da kika buɗe jakar kika nuna cikinta, aljihu nawa gareta, zif ɗin yana tafiya sumul ko yana cijewa, waya da caja da makulli sun shiga ko basu shiga ba, ki rataya ta a kafaɗa a ga tsayinta a jikin mutum. Tambayoyin da ke cikin ran mai saye kenan tunda bata da damar taɓawa. Kuma daƙiƙu 2 ko 3 na farko su ne komai, karki ɓata su wajen nuna tambarin shafi, fara da jakar kai tsaye.

Maganar TikTok, ba laifi ki gwada, can an fi nuna bidiyo ga waɗanda basu san ka ba. Sai dai in zaki ɗora bidiyo ɗaya a wuri biyu ki ɗora asalin wanda ke wayarki, don tun 2021 Instagram tace Reels, wato gajeren bidiyonta, mai ɗauke da tambarin wata manhaja ba zata riƙa baza shi sosai ba.

SaurayinZamani:

Anti nidai a ganina duk wannan dogon lissafi ne, zamanin isa ga mutane kyauta ya wuce tuntuni. Waɗannan kamfanonin da talla suke cin abinci, kusan duk kuɗin shigar Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram da WhatsApp, daga talla yake fitowa, to ta yaya zasu baki kwastoma a banza? Ki ware kuɗi duk wata kawai ki riƙa talla, ko mabiyanki 100 ne tallan zai kai inda kike so, ba ruwansa da na bogin da ke shafin. Ni turaruka da agogo nake sayarwa kuma rabon da in damu da layik har na manta. Matsalarki kawai kin danna maɓallin nan ne baki zaɓi manufa ba, shi kuma abinda kika nema shi zai kawo miki, kika nemi layik zai nemo miki masu son danna layik, akwai mutanen da aikinsu kenan daga safe har dare. Ki zaɓi tallan da in an danna yake kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye, zaki ga bambanci.

UwarƊaki:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Ni ban iya bayanin na'ura irin na Malam ba, amma na daɗe ina saye da sayarwa tun kafin wayoyin nan, kuma akwai abu ɗaya a rubutunki da ya tsaya min a rai, inda kikace ana tambaya "nawa?" kice a duba inbos. Dan Allah ki daina. Ki sa kanki a matsayin mai saye, kin ga abu ya burge ki kin tambayi kuɗinsa, mai kaya tace zo gefe in raɗa miki, me zai fara zuwa ranki? Ko dai yayi tsada ne, ko kuma kowa da kuɗin da ake faɗa masa gwargwadon yadda aka ga hotonsa. Wata kuma kunya ce zata hana ta, tana tsoron ta shiga inbos taji yafi ƙarfinta ta rasa yadda zata zame. Nasan masu cewa ɓoye farashi yana ƙara yawan komen, to ya ƙara, komen ɗin "nawa" guda 30 da ba ciniki me ya amfana miki? Ki rubuta kuɗin a fili, da girman da ake dasu, da launuka, da yadda ake kai kaya da kwana nawa yake ɗauka. Wadda ta miki magana bayan ta ga duk wannan to da niyyarta tazo.

Na biyu saurin amsa. Bansan yadda kike ba, amma yawancin masu sayarwa da nake gani sai a musu magana da safe su amsa da dare, su amsa kuma da kalma ɗaya, "akwai". Mai saye ta waya ba kamar wadda ta tako ta zo gabanki bace, ita shafi 5 ta tura ma saƙo lokaci guda, wadda ta fara amsa mata da fara'a ita ta ɗauke cinikin. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a waya kuma fuskarki ita ce yadda kike rubutu. Ki gaishe ta, ki kira sunanta, ki tambaye ta ina zata je da jakar, wajen aiki ne ko makaranta ko fita, sai ki bata shawara tsakani da Allah ko da wadda tafi araha ce tafi dacewa da ita. Wlh mace bata manta wadda ta hana ta asarar kuɗi.

In baki sauke WhatsApp Business ba ki sauke, kyauta ne, tun 2018 aka fito dashi. Akwai wajen jera kaya da hoto da farashi, akwai saƙon maraba da ke tafiya da kansa, akwai na sanar da cewa bakya kusa, akwai amsoshin da zaki rubuta ki ajiye ki riƙa kirawo su da alamar / basai kin sake rubutawa ba. Wanda nafi so shine laƙabin da ake manna ma kowace hira, wannan sabuwa ce, wannan ta biya, wannan an tura mata, wannan tace sai ƙarshen wata. Ita mai ƙarshen watan nan in lokaci yayi ki tuntuɓe ta cikin mutunci, sau ɗaya ba naci ba, zakiyi mamakin yawan cinikin da ke kwance a nan.

Sannan waɗannan 5 ko 6 da kike rainawa, ni a wajena su ne jarinki. Bayan kaya ya isa da kwana 3 ki tambaye ta ya ta ga jakar, in ta yaba ki nemi izininta ki ɗora maganarta, ki rufe suna da lamba, karki taɓa ɗora hirar mutum ba da saninsa ba. Baƙuwar da bata sanki ba tsoronta ɗaya ne, kar ta tura kuɗi a toshe ta, ko a kawo mata abinda ba shi ta gani ba. Ba yawan mabiya ke cire wannan tsoron ba, mutane sun waye yanzu, suna ganin 11,000 da layik 40 sun san an saya ne, sai ma ya ƙara musu shakka. Abinda ke cire shi shine su ga ana ɗaure kaya ana turawa, su ji muryarki, su ga wata ta karɓa ta gode, su ga kuma yadda kika amsa ma wadda tayi ƙorafi a fili baki goge ba baki zage ta ba.

MaiJakunkuna:

Kai jama'a nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Malam na shiga na duba kamar yadda kace, wlh ƙasashe 3 na sama ko ɗaya bana kai kaya can, jikina yayi sanyi. Hajiya maganarki gsky ce, wani lokacin saƙo yakan kai awa 7 ko 8 ban buɗe ba saboda ina wajen aiki, kuma farashin dama tsoro nake kar masu irin kayana su gani su karya nasu. Amma yau ɗin nan zan fara rubutawa.

Saura tambaya ɗaya, shafin nan in bar shi ko in buɗe sabo? Sannan tallan da ƙanina ya kawo shawara in fara yanzu ne ko in jira?

ƊanTalla:

Masu irin kayanki dama sun san farashinki ƴar uwa, saƙo ɗaya zasu turo da wani akawun su ji, kwastoma kaɗai kike ɓoye ma.

Shafin kuma ni bazan ce ki rufe ba, tunda akwai mutanen gaske a ciki da tsofaffin hotuna da ke nuna kin daɗe, wannan ma shaida ce. Instagram na da wajen cire mabiyi kuma ba'a sanar dashi an cire shi. Ki riƙa cire na bogin kaɗan kaɗan kullum, kina gane su, ba hoto, suna haruffa da lambobi barkatai, suna bin dubbai su ba mai binsu. Karki cire ɗaruruwa a zama ɗaya don ana iya ɗaukar yawan motsi irin haka a matsayin na na'ura a taƙaita miki akawun na ɗan lokaci, kuma dan Allah karki ba wata manhaja ta waje kalmar sirrinki wai zata share miki su, ta nan ake sace shafuka da yawa. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro bayan kalmar sirri, yau ɗin nan. Lambar zata sauka, zaki ji ba daɗi ganin 11,000 ta koma 5,000, ki daure.

Maganar ƙaninmu, rabinta na yarda da ita. Gaskiya ne talla na aiki kuma gaskiya ne manufar da ka zaɓa ita ake nemo maka. Inda na saba dashi shine cewa ki fara yanzu. In kika biya aka turo miki mutum 50 WhatsApp kina wajen aiki sai bayan awa 8 kika amsa, kin zuba ruwa a kwando ne. Kuma yawancin wanda ya ga talla sai ya leƙa shafin tukuna kafin yayi magana. Ki gyara abinda Hajiya ta lissafa, ki sa saƙon da ke faɗin lokacin da kike amsawa, ko ki samu wadda zata riƙe miki wayar da rana, kiyi wata guda kina ɗora bidiyo, sai ki ɗauki wanda yafi samun turawa da ajiyewa ki sa masa kuɗi, tunda ya riga ya nuna yana da jan hankali. Ki taƙaita shi ga wuraren da kike iya kai kaya kawai. In kin sa kuma ki barshi ya kwana biyu, kar kiyi ta canja shi kullum, don tsarin na da lokacin koyo, su Meta suna cewa yana buƙatar sakamako wajen 50 cikin mako kafin ya daidaita, duk babban gyaran da kikayi kuma sai ya koma farko. Lissafin da zaki riƙe ɗaya ne, nawa na kashe, mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya. Akwai kuma Ad Library na Meta, kyauta ne kowa na iya shiga ya ga tallan da kowane shafi ke yi a halin yanzu, ki leƙa ki ga yadda manyan masu jaka ke shirya nasu.

Abu na ƙarshe da nake roƙonki, duk wadda ta taɓa saye ki ajiye lambarta da sunanta da abinda ta saya a wani wuri daban, littafi ko fayil, da izininta. Shafin nan aro ne ba naki ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp duk suka ɗauke lokaci guda kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. Indiya ta haramta TikTok a 2020, masu dubban ɗaruruwan mabiya suka wayi gari babu. Dandalin sada zumunta na Vine da na Google+ kuwa rufe su akayi ɗungurungum. Wanda ke da lambobin kwastomominsa ko me ya faru zai iya kiransu.

UwarƊaki:

Ƙari akan ta Malam, in zaki tura saƙon bai ɗaya a WhatsApp ki sani mutum 256 jeri ɗaya ke ɗauka, kuma sai wadda ta ajiye lambarki ce zai shigar mata, sitatus ma haka sai kun ajiye lambar juna. Don haka duk wadda kuka gama ciniki kice mata dan Allah ta ajiye lambar. Kuma karki cika su da saƙo kullum, sau ɗaya a mako in sabon kaya ya iso ya wadatar, in ya wuce haka toshe ki zasu fara yi.

SaurayinZamani:

Tohm Malam na karɓi gyara akan jiran wata guda, ni ina da mai amsa min saƙo ne shi yasa ban kawo wannan a lissafi ba. Anti in kin tashi saita tallan kiyi magana a nan, zan nuna miki inda ake zaɓen manufar da inda ake zaɓen wuri, ba wuya.

MaiJakunkuna:

In sha Allah zan neme ka ƙanina. Na cire 60 yanzu, na kunna mataki biyun, na kuma koma kan hotuna 10 na ƙarshe na rubuta farashi a ƙasan kowanne. Hajiya akwai wata da tace min sai ƙarshen wata tun wata 2 da suka wuce ban sake mata magana ba, kina ganin in tuntuɓe ta yanzu ko yayi latti?

UwarƊaki:

Bai yi latti ba ƙanwata. Ki gaishe ta tukuna, ki tambayi lafiyarta da ta iyali, sannan ki tura mata hoton jakar da ta tambaya kice har yanzu akwai in tana so. In babu ita kuma ki faɗa mata gaskiya ta ƙare, ki nuna mata mai kama da ita.